Tabarya a Bayan Fage

Duk wanda ya ce maka dogon gilashin kyamara kayan ado ne, tambaye shi ko ya taɓa saɓa shi a kafaɗa tun hantsi har la'asar. In ya ce a'a, ka ba shi goro ka sallame shi, ba shi da ta cewa. Ni na saɓa. Shi ya sa da na ji masu hoton zamani suna gardama a kan ko irin wannan gilashi ya dace da mai bin namun daji da mai ɗaukar wasanni, na ga wajibi ne a kaina in tsoma baki a matsayina na masani. Ilmina kuwa ba ɓoyayye ba ne. Na yi elemantare har aji huɗu kafin gonar gero ta ci ƙarfin boko, kuma har yau ina iya rubuta sunana ba tare da na zaro harshe waje ba.

A shekarun nan na saba'in, bayan fari ya ɗaga Allah ya dawo mana da damina, ina da shagon hoto a Gumel, kusa da kasuwa. Shago dai sunansa shago. Ɗaki ne da labule mai zanen bene da jirgin sama, da kujera ɗaya, da wata rediyo da ba ta magana wadda samari ke rungumewa in za a ɗauke su. A wancan zamani hoto abu ne da ake yi wa shiri kamar zuwa gaban alƙali. Mutum ya yi wanka, ya aro babbar riga, ya zauna ya ƙame, ya ɗan janye hannun riga don agogo ya fito. In ka ce ya yi murmushi sai ya harare ka, wai shi ba yaro ba ne. Ranar Alhamis kuma in shiga motar kasuwa zuwa Maigatari, in kafa labulena a jikin garu, in ɗauki fatake da dillalan shanu da mutanen Damagaram, waɗanda ke kirana Mushe mai foto, wato malam mai hoto a Faransancinsu.

To, ina da taubashi. Wan mahaifiyata ne ya haife shi, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando bai taɓa kirana da sunan da aka yanka mini rago ba. Bawa yake ce mini. Ni kuma in ce masa ubangida in ina neman zaman lafiya, in ce masa ƙaton banza in na tabbata akwai ƙofa a bayana. Yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, manomi da damina, ɗan kokawa da kaka. Ba zan yabe shi ba, don taubashi ba ya yabon taubashi. Amma daga Gagarawa har ƙetaren iyaka, in makaɗa suka juya ganga zuwa takensa, mai cin tuwo ma tsame hannu yake yi ya saurara.

Wata rana ana cikin yankan gero ya shigo shagona, ya cika ƙofa har ɗakin ya yi duhu.

"Bawa, tashi ka ba ubangidanka kujera."

"Kujerar ta masu wanka ce," na ce masa.

Ya zauna abinsa, kujera ta yi kuka. Ya ɗauki rediyon nan ya jujjuya ya ajiye. A nan na gane yau ba wasa kaɗai ya kawo shi ba.

"Na yi wa Inna alkawari," ya ce. "Bana ce ta ƙarshe. In aka yi kokawar kaka a Maigatari, na kwance walki ke nan. Gwiwar nan ta fara yi mini gardama in zan ɗago daga sujada."

"Alhamdu lillahi. Ƙasa za ta huta da nauyinka."

"Hoto nake so."

"Ai ga labule. Tuɓe riga ka kumbura ƙirji."

"Ba irin wannan ba. Irin wannan ko kai ka tuɓe riga ka riƙe numfashi sai a ce namiji ne. A fage nake so, ina riƙe da mutum. Ka san 'ya'yana ƙanana ne. Za su tashi su tarar da wani tsoho mai ɗingishi yana korar kaji daga shanya, a ce musu wai da ɗan kokawa ne. Wa za su tambaya? Kai. Kai kuwa na san abin da za ka gaya musu."

"Gaskiya zan gaya musu. In ce duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka iya faɗuwa."

"Ka ji ko? To, shi ya sa."

Abin da wuya, kuma shi ma ya sani. 'Yan kokawar yankinmu ba sa yarda kyamara ta matso fage. Sun ce idon gilashi yana kwance laya, duk wanda ya kalla da kyau, guru da kambunsa sun koma fata kawai. An ce wani gwani ya taɓa tsayawa aka ɗauke shi kafin ya shiga, wani sabon shiga ya naɗe shi kamar tabarma, tun daga ranar aka sa doka. Ni ban ga wannan da idona ba, ban kuma taɓa haɗuwa da wanda ya gani ba, amma irin wannan doka ba ta neman shaida.

Alhamis ta zagayo muka je Maigatari wurin sarkin 'yan kokawa, wani dattijo mai murɗaɗɗen kunne da ke zama a gindin wata bishiya kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Muka durƙusa muka gaishe shi, taubashina ya faɗi buƙatarsa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, ni ban ce injinka na da mugunta ba. Amma in na bar ka ka shigo, duk wanda aka kayar a ranar ba zai ce an fi shi ƙarfi ba, kai zai kama. Za ka iya ɗaukar wannan?"

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Ni ko akuya ta ture ni sai na zauna."

Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna can bayan fage, bayan inda 'yan kallo ke ƙarewa, bayan masu rake, inda ake ajiye manyan motoci.

"Daga can ban hana ka ba. Ko asiri in ya yi tafiya mai nisa sanyi yake yi. In injinka na da idon shaho, bismilla."

Mutanensa suka kwashe da dariya, kuma suna da gaskiya. Daga wurin da ya nuna, in na ɗauka da kyamarata, abin da zai fito bai wuce tururuwa sun taru a kan ƙwayar dawa ba. Sai dai in nuna wa yaran ɗigo in ce ga babanku nan, ku yi haƙuri.

A lokacin akwai wani likitan shanu, Bakano, da aka turo yankinmu yana duba dabbobin da ake shigowa da su ta Maigatari. Mutumin kirki, ba ruwansa da girman kai. Ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo da wani ciwo da ba mu san maganinsa ba, wato son tsuntsaye. Ba don miya ba. Kallo kawai, da hoto. Ni nake wanke masa fim, kuma na daɗe ina mamakin yadda agwagwar daji ke fitowa a hotunansa kamar ya kama ta da hannu ya ce ta zauna. Da ya zo karɓar aikinsa na ba shi labarin halin da nake ciki. Ya yi dariya, ya ja ni waje, ya buɗe bayan Landirobarsa ya zaro wata doguwar jaka ta fata.

Abin da ya fito daga ciki baƙi ne wuluk, tsawonsa ya kusa na hannuna tun daga kafaɗa, bakinsa kamar na kwanon sha. Kyamarar da ke maƙale a gindinsa kamar kaska a jikin sa. In ka ja shi sai ya ƙara tsawo ya jawo maka nesa har gaban hancinka, in ka tura shi ya gajarta ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Da na kai shi gida don a gani, maiɗakina ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, wannan tabaryar fa? Daka za ka koma?" Sunan da ya bi shi ke nan, har likitan ma da Tabarya ya koma kiransa.

"Zan ara maka har da kyamarar, don ba zai hau taka ba," in ji likita. "Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka shirya mu je ka koya a kan tsuntsaye. Su in ka ɓata musu hoto ba za su bi ka gida da duka ba."

Muka tafi wani tafki a ƙasar Gagarawa wanda bai riga ya ƙafe ba. Da hantsi muka isa. Ga gauraka suna taku kamar masu zuwa ɗaurin aure, ga kirinjijiya jingim a bakin ruwa, ga balbela a bayan wasu shanu da ke kiwo can gefe. Na ɗaga Tabarya da ƙarfin hali, kamar wanda ya gada.

Abu na farko da na koya shi ne ashe hannuna rawa yake yi. Shekara da shekaru ina zaune da shi ban sani ba. A ido ba ka ganin komai, amma a cikin gilashin nan ƙaramin motsi sai ya zama girgizar ƙasa, gauraka ta yi sama ta yi ƙasa kamar tana kan raƙumi. Numfashinka ma gaba yake yi da kai. Abu na biyu, ga tsuntsu kana kallonsa ƙuru-ƙuru da idonka, ka ɗaga gilashi ka neme shi ka rasa. Sai ciyawa, sai sama, sai wata ciyawar.

"Tura shi ya gajarta ka nemo gaurakar tukuna, sannan ka ja," in ji likita.

"Likita, kafin in tura in ja ai ta kai Haɗeja."

"To, kada ka bi ta. Ba a bin tsuntsu da wannan. Dubi zalɓen can. Duk inda ya je, kan wancan ɗan tudun yake dawowa. Kafa idonka a kan tudun ka jira shi."

Muna cikin haka sai ga mai shanun nan, wani Bafillace, ya taho da gudu, sanda a hannu, malafa na lilo a bayansa.

"Kai Kaɗo! Kada ka harba! Za ka watsa mini shanu! Kuma wa ya ce maka ana cin gauraka?"

Da ƙyar muka shawo kansa cewa ba bindiga ba ce. Likita ya sa shi ya leƙa, ya juya masa bakin wajen garkensa. Sai muka ga Bafillacen nan ya miƙa hannu a iska yana neman shafa wuyan bijiminsa, bijimin kuwa yana can nesa. Ya ɗago kai ya duba, ya sake leƙawa.

"Ga carki a kunnensa," ya ce. "Wallahi ga carki. Ku kuna da wannan kuna ɓata shi a kan tsuntsaye? Ai na makiyaya ne."

Da ya ga yadda hannuwana ke kaɗawa sai ya girgiza kai ya ce ko rumfa ba ta tsayawa sai da gwafa. Ya shiga cikin sabara ya saro mini wani reshe mai baki biyu, ya sassaƙe shi, ya kafa a ƙasa, ya ce in ɗora. Na ɗora wuyan Tabarya a kai, duniya ta tsaya cak. Likita ya yi ta dariya, ya ce a can inda ya yi karatu ma irin wannan ake sayarwa, sai dai nasu na ƙarfe ne kuma yana da suna mai tsawo. Shi da kansa a kan tagar mota yake ɗorawa.

Muka wuni a wurin, muka ci ƙosai da rogo, muka yi salla a gindin wata kanya. Kafaɗata ta mutu, wuyana ya ƙage. Da rana ta fara yin ja tsuntsaye suka ƙaru, na ce yanzu ne za a yi aiki. Sai likita ya fara naɗe kaya.

"An tashi," ya ce. "Wannan abin mayen haske ne. Da rana ta yi sanyi ya makance. In ka matsa masa, hayaƙi zai ba ka."

Da na wanke fim ɗin ranar, na sami ruwa iri-iri, da ƙafafun tsuntsu ba kai, da wani abu mai kama da fiffike ko kuma zanen da iska ta ɗauke daga shanya. Amma zalɓen nan ya fito a kan tudunsa, har da ɗigon ruwa a bakinsa. Saboda haka ga hukuncina, masu gardama su rubuta su ajiye. Dogon gilashi ya dace da wanda ke da haƙuri, da kafaɗa, da gwafa, da rana a sama, kuma ya san halin abin da yake jira. Wanda ke son ya yi ta zarya yana bin abu a guje, ya nemi ƙarami ya matsa kusa, in an bar shi. Wanda kuma ya ce ba shi da nauyi, maƙaryaci ne ko kuma wani ke ɗaukar masa.

Halin taubashina na sani. Tun muna yara, in ya kama mutum sai ya tura shi har gaban makaɗa sannan ya kayar, don yana son ya ji kirarinsa a cikin kunne, kada ko kalma ɗaya ta zube a hanya. Tuduna ke nan, na san inda zan kafa ido. Maganar rana ce ta tsaya mini a wuya.

Ga yadda abin yake. A fage ƙanana ke farawa da an sauko daga la'asar, sannan matsakaita. Manya suna zaune a gefe lulluɓe da mayafi kamar ba su san abin da ake yi ba. Sai rana ta taɓa kan itatuwa, ganga ta yi zafi, sannan su miƙe. Gwanin da ya fito da wuri ya zubar da girmansa, kamar magidanci ne ya sa hannu a akushin yara.

Na hau mota na tafi ƙauyensu, na same shi yana jera damman gero a bakin rumbu.

"Ubangida, akwai magana. Tabarya ba ta gani in rana ta yi ja."

"To, sai aka yi yaya?"

"Sai ka fito da wuri. Da an yi la'asar."

Ya sauke damin da ke kansa a hankali.

"Da la'asar? Lokacin da 'yan koyo ke birgima? Ni?"

"Zaɓi naka ne. Ko ka fito dab da magariba da girmanka, in ba 'ya'yanka baƙar takarda su ce ga babanmu a cikin duhu, ko ka fito da rana a yi maka dariya."

"Ba za ka iya ce wa likitan ya ƙara mata ido ba?"

"Likitan shanu ne, ba na makafi ba."

Ya juya ya dubi rumbu. Can ya ce, "Bawa, tun da aka haife ka ba ka taɓa kawo mini labari mai daɗi ba." Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Aka kawo mana fura muka sha, muka yi hirar farashin wake, na kamo hanya.

Ranar kokawa Maigatari ta cika har ta tumbatsa, don kasuwa ce kuma mutanen ƙetare sun zo da gwanayensu. Na roƙi wani direba ya bar ni na hau kan buhunan da ya ɗora wa babbar motarsa, a daidai inda sarki ya nuna, ban ƙara ko taku ba. Na cusa gwafata tsakanin buhuna, na ɗora Tabarya. Masu rake suka ɗaga kai suna tambaya wa zan harba. Na ce duk wanda ya tsuga mini tsada.

Kafin a fara na yi ta leƙen mutane, kuma a nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk shekaruna a sana'a, wato fuskar mutum lokacin da bai shirya mata ba. Wani dillali da na sani da ɗaure fuska yana ɓare wa jikarsa gyaɗa yana sa mata a baki. Sarkin 'yan kokawa kansa yana sakace yana gyangyaɗi. Na ji kamar na shiga gidan mutane ba sallama, na mayar da ido kan filin da ke gaban makaɗa na bar shi a can.

Aka yi la'asar, ƙanana suka fara. Ina kallon inuwar motar tana tsawo tana rarrafe wajen masu rake. Taubashina yana zaune cikin manya, ya lulluɓe har ka. Aka yi kaye, aka sake yi, bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, girma ya ci, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai na ga mayafi ya faɗi.

Ya miƙe, ya gyara walki, ya taka zuwa tsakiyar fage, rana tana dukan bayansa. Ganga ta yi tuntuɓe ta tsaya. Aka yi tsit, sannan dariya ta tashi daga gefe guda ta zagaye fage. Har inda nake na ji wani ya ɗaga murya, "Tsoho na sauri, tuwo zai huce!" Bai waiga ba. Ya wuce kai tsaye wajen mutanen Damagaram, ya tsaya a gaban gwaninsu, wani matashi mai wuya kamar turmi, ya miƙa masa hannu biyu.

Abin da suka ce ban ji ba, daga baya aka gaya mini. Wai matashin ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ai rana ba ta yi ba tukuna." Shi kuma ya ce, "Taka ce ba ta yi ba. Tawa ta kusa faɗuwa. Tashi." Matashin ya dubi mutanensa, ya dubi sarki. Sarki ya ɗaga sanda. Makaɗa suka lalubo ganga.

Suka kama. Ni kuwa idona na kan filin gaban makaɗa, ba abin da nake gani sai rairayi da gwiwoyin mai ganga. Ihu na tashi, ban san na wane ne ba. Wannan ita ce azabar dogon gilashi da masu sayar da shi ba sa faɗa: kowa a wurin yana kallon kokawa, ban da kai da ka zo dominta. Na kasa daurewa, na tura shi ya gajarta don in ga fagen duka. Matashin ne ke tura shi, kuma ba wajen makaɗa ba, can ɗaya gefen. Na ga gwiwar nan ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ƙasa. Na ce, "Kai ƙaton banza, kada ka kunyata ni a gaban masu rake!" kamar zai ji.

Sai babban makaɗin ya juya zuwa takensa, ya buɗe murya. Na ga ƙaton ya cije, ya dasa ƙafa, ya fara juya matashin a hankali, kamar sa yana jan garma a busasshiyar ƙasa. Taku kaɗan, su tsaya, taku kaɗan, su tsaya, suna nufo ganga. Na ja Tabarya ta miƙe iya tsawonta, na mayar da ita kan filina, na riƙe numfashi.

Bayan mutum ya shigo cikin gilashi, sannan kafaɗa, sannan fuskar taubashina ta cika mini ido. Ya sunkuya, ya sa hannu a ƙarƙashin cinyar matashin, ya ciccibe shi. Na danna. Na murɗa fim na sake dannawa, amma wannan karon ƙura kawai na gani da tafin ƙafa. Fage ya ɗauki ihu, mutanen da suka hau motar a bayana suka yi ta tsalle har gwafa ta zame. Da na ɗago kai na duba da idona, matashin na zaune a ƙasa yana girgiza kai yana dariya, taubashina na tsaye dafe da gwiwa, makaɗa sun kewaye shi.

Bayan kwana biyu ya zo Gumel. Ya yi sallama a ƙofar shago kamar baƙo, bai nemi kujera ba, bai taɓa rediyo ba.

"Ya fito?"

Na miƙa masa.

Ya fito kam. Matashin yana sama, ƙafafunsa biyu ba su taɓa ƙasa, idonsa a zare. Makaɗin da ke can baya gilashi ya jawo shi har ya zama kamar a kafaɗar taubashina yake, baki buɗe, yana zuba masa kirari a kunne. Amma Tabarya ta kawo wani abu da ba wanda ya gani a fage, har waɗanda ke sahun gaba. Furfura ce fari fat a gemunsa da gefen kansa. Jijiyoyin wuya sun fito kamar saiwar kuka, goshi ya yi layi-layi, ga giɓin da yake ɓoyewa in yana dariya a buɗe.

Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya ƙura wa hoton ido.

"Wannan ai Baba ne," ya ce. Kawuna yake nufi, Allah ya jiƙansa.

"Kai ne."

"Haka nake?"

"Haka Tabarya ta ce. Ita ba ta san kara ba."

Ya shafa gemunsa, ya sake duban takardar. Na ga abin ya taɓa shi, sai na ce, "Kwantar da hankalinka. Ina da fensirin da nake yi wa angwaye gyara. Kawo in baƙanta furfurar, in cike giɓin, ka koma saurayi. Ba wanda zai sani sai ni, ni kuma ba zan gaya wa kowa ba sai mutanen kasuwa."

Ya miƙo mini hoton. Na sa hannu zan karɓa, sai ya janye.

"Tsaya. In ka baƙanta, me yaran za su gani? Saurayi ya ɗaga saurayi. Wannan ai kowace kaka ana yi." Ya sake kai shi wajen haske, ya karkata kai, na ga gefen bakinsa ya fara motsi. "Bar ta yadda take. Su san tsoho ne ya ɗaga shi."

"To, ranka ya daɗe."

"Sa mini shi a gilashi mai katako, irin na hakimai. Kuma bawa, je ka wanke hannunka kafin ka taɓa."